Maƙera Uku da Gadoji Takwas: Lacca kan Kwarin Yosemiti





 Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu je yammacin Amurka, jihar Kalifoniya, cikin tsaunukan Siyera Nebada, inda wani kwari yake da ake kira Yosemiti. Tsawonsa kimanin kilomita 11 ne, faɗinsa kuwa bai fi kilomita ɗaya da rabi ba a yawancin wurare. Mai ƙarfin ƙafa zai ratsa shi tsakanin hantsi da azahar. Gandun ƙasa da kwarin ke cikinsa ya kai murabba'in kilomita 3,000, amma mutum kimanin miliyan 4 da ke zuwa kowace shekara, mafi yawansu a cikin wannan ɗan tsirin wuri suke taruwa.

Tambaya ɗaya ce ta kawo ni gabanku. Idan mutum ya tarar da abin da Allah Ya ƙawata, kuma ba makawa sai ya sa masa hannu, da wane irin hannu zai taɓa shi? Mai gina gada ya taɓa kogi. Mai hawa ya taɓa dutse. A Yosemiti an yi fiye da shekara 150 ana gwada amsoshin wannan tambaya, an yi kuskure, an gyara, an sake yin wani. Tarihin ke nan da nake son mu bi tare.

Kwarin da kansa

Mai shiga kwarin ta hanyar kudu yakan bi ta wani ramin mota da aka fafe cikin dutse, ramin Wawona, wanda aka gama a 1933, tsawonsa ya ɗara kilomita ɗaya. Kana cikin duhu, sai haske ya buɗe gaba ɗaya. Ranar da na fara fitowa daga bakin ramin nan, hirar da muke yi a mota ta tsinke, ba wanda ya ƙara cewa uffan har direba ya tsaya. A hagu ga El Capitan, bango guda na dutsen giranit, tsayinsa daga gindi zuwa ƙoli kimanin mita 900. A dama ga magangarar ruwan Bridalveil tana zubowa daga mita 189, iska na kaɗa ta kamar mayafin amarya, abin da sunan ke nufi ke nan. Can ƙurya kuma ga Half Dome, wato Rabin Ƙubba, dutsen da ya yi kama da ƙwarya da aka kife aka tsaga biyu, wanda ya ɗara ƙasan kwarin da fiye da mita 1,400.

Idan ka gangara, sai ka tarar da kogin Merced yana tafiya a hankali tsakanin fadamu da dogayen itatuwa. Daga arewa magangarar Yosemiti tana faɗowa hawa uku, jimlar mita 739. A watan Mayu, lokacin da ƙanƙarar tsaunuka ke narkewa, rugugin ruwan har cikin ƙirji ake jin sa. Zuwa ƙarshen Agusta sau da yawa sai ta ƙafe, ya rage baƙin tabo kawai a jikin dutse. Wanda ya san yadda gulbi ke tumbatsa a damina ya koma rairayi da rani ba zai yi mamaki ba, sai dai a can ƙanƙara ce ke riƙe ruwan, ba gajimare ba.

Wanda ya tashi a gindin Kufena ko Kwatarkwashi ya san dangin wannan dutse. Giranit ne, ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, sannan abin da ke bisansa ya zaizaye ya bar shi a fili. Da nauyi ya sauka daga kansa, sai ya riƙa ɓarewa fallai-fallai kamar albasa, shi ya sa kansa ke zama sumul. Bambancin shi ne a Yosemiti ƙanƙara ta yi aiki. A kan wannan an yi jayayya mai zafi. Josiah Whitney, babban masanin duwatsu na jihar Kalifoniya, ya ce ƙasan kwarin ne ya rufta lokaci guda. John Muir, haifaffen Sikotland da ya iso wurin a 1868 ya kuma yi kiwon tumaki a tsaunukan a 1869, ya ce kogunan ƙanƙara ne suka fafe shi, domin ya bi sawunsu da ƙafa, ya ga karce da sulɓin da suka bari a jikin dutse. Whitney ya raina shi, yana ganin makiyayi ba shi da ta cewa a gaban masana. A 1930 binciken François Matthes ya nuna cewa kogi ne ya fara yanka hanya, ƙanƙara ta zo ta faɗaɗa ta zurfafa. Makiyayin ya fi kusa da gaskiya. Gani ya kori ji.

Masu gida

Ba zan wuce zuwa gadoji ba sai na ambaci waɗanda aka tarar. Kwarin yana da mutanensa tun dubban shekaru. Suna kiran wurin Ahwahnee, ana kiran su Ahwahneechee. El Capitan a bakinsu Tutokanula ne, Bridalveil kuwa Pohono. Abincinsu na yau da kullum 'ya'yan wani itace ne da Turawa ke kira ok. Mata ke daka su a kan falalen dutse, har yau ramukan dakan suna nan. Na durƙusa gaban ɗaya na sa hannu ciki. Santsinsa irin na tsohon turmin gidanmu ne, wanda kaka ta bar wa uwa. Sukan kuma sa wa fadamu wuta a kan lokaci, don kada daji ya cinye su.

Da aka gano zinariya a Kalifoniya, baƙi suka kwararo, rikici ya tashi. A watan Maris na 1851 wata rundunar 'yan sa-kai, Bataliyar Mariposa, ta shiga kwarin tana farautar sarkinsu Tenaya da jama'arsa. Suka ƙone bukkoki da rumbunan abinci. Waɗannan mahara ne suka raɗa wa kwarin sunan Yosemiti, daga wata kalma ta maƙwabta 'yan Miwok mai nufin masu kisa. Wasu daga cikin masu gida sun dawo daga baya suka zauna suna aikatau, har 1969, lokacin da hukumar gandun ta rushe ƙauyensu na ƙarshe.

Ranar 30 ga Yunin 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin don amfanin jama'a, ta damƙa shi ga jihar Kalifoniya. A 1890 aka mai da tsaunukan da ke kewaye gandun ƙasa, a 1906 kwarin ya koma hannun gwamnatin tarayya. Cikin sojojin da suka yi gadin gandun a 1899 da 1903 da 1904 akwai rundunonin baƙar fata, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Wannan doka abin yabo ce, ta zama abin koyi a duniya. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: an tsare wurin ne bayan an kori masu shi. Da aka hana ƙona fadamu kuwa, itatuwa suka mamaye su, har a 1970 hukuma ta koma sa wuta da gangan, aikin da mutanen Tenaya suka sani tun kaka da kakanni.

Gadoji takwas

An ba motoci izinin shiga gandun a 1913. Da suka yawaita, tsofaffin gadojin katako da na ƙarfe suka gaza. Tsakanin 1922 da 1933 aka gina gadoji takwas da har yau ake alfahari da su: gadar rafin Yosemiti a 1922, gadojin Ahwahnee da Clark da Pohono da Sugar Pine da ta rafin Tenaya, duk a 1928, gadar Happy Isles a 1929, sai gadar Stoneman a 1933. A 1977 aka shigar da su cikin kundin wuraren tarihi na Amurka.

Ku lura da dabarar maginan. Cikin gadar kankare ne da rodi, don ta ɗauki mota. Bayanta kuwa an lulluɓe shi da giranit ɗin yankin, an jera shi bisa siffar da maginanmu ke kira bakan gizo. Manufarsu ita ce gada ta yi kamar daga ƙasar ta tsiro. Gadar Ahwahnee baka uku gare ta. A wasu, kamar Clark da Stoneman, an bar ƙananan ƙofofi a gefe don mahaya dawaki su bi ta ƙarƙashin titi ba tare da sun haɗu da mota ba. Na tsaya a ƙarƙashin gadar Stoneman da sassafe, na shafa duwatsun. Ba biyu da suka zo ɗaya a girma, amma kowanne an sassaƙa shi ya zauna daram a jikin ɗan'uwansa, gansakuka ta bi layin da suka haɗu. Wanda ya yi aikin ya san ba za a rubuta sunansa a wurin ba, bai kuwa yi algus ba.

Gadar Clark ta ci sunan Galen Clark, wanda aka naɗa mai kula da kwarin a 1866, shi ne kuma ya gina gadar katako ta Wawona a 1868, wadda daga baya aka yi mata rufi, tana nan har gobe. Akwai kuma gadar Sentinel, inda masu ɗaukar hoto ke jeruwa da yamma suna jiran Half Dome ya yi ja, inuwarsa ta kwanta a cikin ruwa.

To amma kyan gada a idon mutum daban, zamanta da kogi daban. Merced kogi ne mai son yawo. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yakan karkata nan, ya koma can, ya malala cikin fadama idan ya cika. Gadar dutse ba ta motsi. Inda bakinta ya yi wa ruwa kaɗan, sai ruwan ya taru a baya, ya fita da ƙarfi a gaba, ya ci gaɓa, ya kwashe yashi daga nan ya jibge can. A 1987 aka sa Merced cikin kogunan da dokar Amurka ta hana a tauye musu tafiya. Sannan a farkon Janairun 1997 ruwan sama mai ɗumi ya sauka bisa ƙanƙarar tsaunuka, ambaliya ta shafe ƙasan kwarin. A gadar Pohono, inda ake auna ruwa, mita 3 ake ɗauka a matsayin ambaliya. Wannan karon ya haura mita 7. An rufe kwarin fiye da wata biyu. Yau akwai alluna da ke nuna inda ruwan ya kai, na tsaya gindin ɗaya, sai da na ɗaga kai kafin na ga layin.

Daga nan muhawara ta taso. Masu kishin kogi suka ce a cire gadojin da suka fi shaƙe shi, wato Sugar Pine da Ahwahnee da Stoneman. Masu kishin tarihi suka ce ba a rushe aikin magabata. A 2012 babbar ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta Amurka ta sa gadojin cikin jerin wurare 11 da suka fi fuskantar haɗari. Shirin da hukuma ta fitar a 2014 ya bar su a tsaye, da sharaɗin a gyara gaɓar kogi, a dasa tsirrai, a jera gungumen itace inda za su rage wa ruwa ƙarfi, a kuma ci gaba da nazarin Sugar Pine. Abin da ya burge ni shi ne ɓangarorin biyu duk masoya wurin ne. Ba wanda ya ce a bar kogi ya lalace, ba wanda ya ce tarihi banza ne. Sun yi shekaru suna jayayya a kan nawa ne haƙƙin ruwa, nawa ne haƙƙin aikin hannu.

Maƙeri na farko

Yanzu mu ɗaga kai sama. Tarihin hawan duwatsun Yosemiti, idan aka tace shi, a hannun maƙera uku ya juya.

Whitney ya rubuta cewa ƙafar ɗan Adam ba za ta taɓa taka ƙolin Half Dome ba. Ba a daɗe ba wani ɗan Sikotland mai suna George Anderson, tsohon matuƙin jirgin ruwa da ke ƙira da gyaran hanyoyi a kwarin, ya ƙera ƙusoshi masu zobe, ya nufi kafaɗar dutsen ta gabas. Takalmi ya ƙi kama sulɓin, ya tuɓe, ya gwada shafa ƙaron itace a ƙafa. Inda ƙafa ta gaza, sai ya huda dutse da hannu, ya kafa ƙusa, ya ɗaura igiya, ya taka kan ƙusar, ya miƙe ya huda ta gaba. Shi kaɗai, rana bayan rana. Ranar 12 ga Oktoban 1875 ya tsaya a ƙoli. A 1919 aka kafa igiyoyin ƙarfe kusa da layinsa, tsawon kimanin mita 120, su ne dubban mutane ke bi har yau, har ta kai sai da izini, kimanin mutum 300 a rana.

Anderson ya nuna cewa da guduma da haƙuri ba inda ba a zuwa. Wannan ce nasararsa, ita ce kuma matsalar da ya bar wa na baya. In har huji zai kai ka ko'ina, mene ne sauran darajar hawa?

Maƙeri na biyu

A 1934 matasa uku, Jules Eichorn da Richard Leonard da Bestor Robinson, suka hau tsinin dutsen Higher Cathedral Spire da igiya da turakun ƙarfe da aka sayo daga Jamus. Irin wannan turke ba a huda masa dutse. Tsaga ake nema a buga shi ciki, a rataya igiya. Amma ƙarfen Turai mai laushi ne, da ya shiga tsagar giranit sai ya lanƙwashe, ba ya sake moruwa. Bango mai tsawo kuwa yana bukatar ɗaruruwa.

Sai ga John Salathé, haifaffen Suwizalan, maƙerin ƙofofi da kayan ado na ƙarfe a kusa da San Faransisko. Bai fara hawa ba sai a 1945, yana da shekara 46 ko kusa da haka. Ya dubi matsalar da idon mai sana'a. Ya koma maƙera ya zuga wuta, ya ɗora ƙarfe mai tauri irin na aksul ɗin mota bisa uwar maƙera, ya fitar da turken da za a buga, a zare, a sake bugawa sau da yawa bai lanƙwashe ba. Da 'yan turaku kaɗan a ƙugu, shi da Anton Nelson suka yi kwana biyar a 1947 suna hawan dutsen Lost Arrow, da ɗan ruwan da bai taka kara ya karya ba. A 1950 shi da Allen Steck suka yi wasu kwana biyar a bangon Sentinel cikin zafin bazara. Ƙa'idar Salathé ita ce a bi tsagar da aka tarar, kada a huda sai in babu makawa.

Turkensa ne ya buɗe manyan bangaye. A 1957 Royal Robbins da Jerry Gallwas da Mike Sherrick suka hau fuskar Half Dome ta arewa maso yamma, wadda ke tsaye kyam, cikin kwana biyar. Warren Harding, wanda shi ma ya yi niyyar wannan hawa, ya je ƙoli ya tarye su ya taya su murna, sannan ya juya ga El Capitan. Ya zaɓi ƙaton doron da ke tsakiya, wanda ake kira Hanci. Tun Yulin 1957 yake hawa, ya kafa igiya, ya sauko, ya sake komawa, abokan tafiya suna canzawa. Wasu tsagogin sun fi ƙarfin kowane turke faɗi, sai aka yi amfani da ƙafafun tsohon murhun ƙarfe da aka yanko, har yau da sunan ƙafar murhu ake kiran wurin. 'Yan kallo suka riƙa cushe titi, har hukuma ta hana su hawa a lokacin cikar baƙi. A daren ƙarshe Harding ya rataye a duhu da fitila a goshi, ya huda ramuka 28 da hannu. Da asubar 12 ga Nuwamban 1958 shi da Wayne Merry da George Whitmore suka fito ƙoli, bayan kimanin kwana 45 na aiki da ƙusoshin huji 125.

Robbins bai gamsu da salon ba. A 1960 shi da Chuck Pratt da Tom Frost da Joe Fitschen suka maimaita Hanci a tashi ɗaya, kwana bakwai, ba saukowa. A 1961 shi da Pratt da Frost suka buɗe sabuwar hanya a El Capitan da ƙusoshin huji 13 kacal. Da suka kai wani matsayi suka jefar da igiyoyin da ke haɗa su da ƙasa, suka ci gaba. Sunan Salathé suka sa wa hanyar, don girmama tsohon.

Saɓanin ya kai ƙarshe a 1970. Harding da Dean Caldwell suka yi kwana 27 a bangon El Capitan da hasken alfijir ke fara taɓawa, suka huda ramuka kimanin 300, hukuma ta shirya ceto suka ce ba su nema ba. A farkon 1971 Robbins ya ɗauki kurfi da guduma ya bi hanyar da niyyar tsinke ƙusoshin duka. Ya fara tsinkewa. Amma da ya ci gaba, ya ga irin gwaninta da ƙarfin halin da hanyar ta ci, sai ya mai da kurfinsa jaka, ya ƙarasa hawan, daga baya ya faɗi a fili cewa aikin ya fi yadda ya zata. Ɗalibai, ku riƙe wannan. Mutum ya fito da hujjarsa, ya tarar da gaskiya a hannun abokin hamayya, ya kuma amsa ta a bainar jama'a.

Maƙeri na uku

A 1957 wani saurayi mai suna Yvon Chouinard ya sayi tsohuwar maƙera mai gawayi da uwar maƙera da awartaki, ya koya wa kansa ƙira. Ya bi sawun Salathé, yana sayar da turke ɗaya dala ɗaya da rabi daga bayan motarsa. Zuwa 1970 kamfaninsa da Tom Frost ya fi kowanne sayar da kayan hawa a Amurka, turaku kuwa su ne ƙashin bayan cinikin.

Sai ya ga abin da ƙirarsa ke yi. Turke mai tauri, a buga a zare, a buga a zare, kowane bugu yana ɓantarar ɗan dutse. Hanyar da mutum ɗari suka bi, tsagarta ta zama jerin ramuka. Akwai wata tsaga a kwarin da ake kira Serenity, na je gindinta na gani da idona. Asalinta siririya ce kamar zare, yanzu ramuka ne a jere, kowanne yatsa biyu na shiga. Na sa yatsuna a na ƙasa, gefensa ya yi santsi. Dutsen da ya yi miliyoyin shekaru, cikin 'yan shekaru aka yi masa wannan tabo, kuma ba ya warkewa.

Masu hawa na Ingila sun riga sun saba da wata dabara: ɗan guntun ƙarfe mai igiya da ake saƙalawa da yatsu inda tsaga ta tsuke, na baya ya zare shi, ba guduma. Robbins ya gano ta a can, a 1967 shi da matarsa Liz suka buɗe hanya a Yosemiti da ita kaɗai. A 1972 Chouinard da Frost suka fitar da littafin tallar kayansu, a ciki suka roƙi masu saye su bar turke su koma ga 'yan saƙale na alminiyam, tare da bayanin Doug Robinson kan yadda ake amfani da su. Ku tsaya ku auna wannan. Ɗan kasuwa ne ke ce wa jama'a su daina sayen abin da ya fi kawo masa kuɗi. A 1973 Robinson da Galen Rowell da Dennis Hennek suka hau fuskar Half Dome ba su buga turke ko ɗaya ba. Cikin 'yan shekaru ƙarar guduma ta ragu ƙwarai a kwarin. Ba hukuma ce ta kafa doka ba. Masu sana'ar ne suka ji kunyar dutse.

Abin da ya biyo baya

Da aka rage dogaro da ƙarfe, sai aka koma ga jiki. A 1973 Beverly Johnson da Sibylle Hechtel suka hau El Capitan, mata zalla. A 1975 Jim Bridwell da John Long da Billy Westbay suka gama Hanci a yini ɗaya. A 1989 Mark Wellman, wanda ƙafafunsa suka shanye bayan wata faɗuwa, ya hau El Capitan tare da Mike Corbett, yana jan jikinsa da hannu a kan igiya kimanin sau 7,000. A 1993 Lynn Hill ta yi abin da mazaje suka yi shekaru suna gwadawa suka kasa: ta hau Hanci da yatsu da ƙafa kawai, igiya na nan don tsaro amma ba ta rataya a kanta don ci gaba ba. A 1994 ta maimaita cikin ƙasa da awa 24. A Janairun 2015 Tommy Caldwell, wanda zarto ya cire masa manunin hagu, shi da Kevin Jorgeson suka hau bangon alfijir da irin wannan salo, zango 32 cikin kwana 19. Ranar 3 ga Yunin 2017 Alex Honnold ya hau El Capitan ba igiya ko kaɗan, cikin awa 3 da minti 56, bayan ya daɗe yana bitar hanyar da igiya. A 2018 shi da Caldwell suka gama Hanci cikin ƙasa da awa biyu, hanyar da ta ci wa Harding kwana 45.

Ba na kawo hawa ba igiya don a yi koyi. Rai amana ne, dutsen kuma ya ci mutane da yawa, har da ƙwararru. Todd Skinner, wanda shi da Paul Piana suka fara hawa hanyar Salathé da ƙarfin jiki a 1988, ya rasu a 2006 a kwarin, saboda ɗamarar da ke riƙe shi ta tsufa ta tsinke.

Mafi yawan waɗannan mutane, sansani ɗaya ya raine su, wani fili mai ƙura a gindin duwatsu da ake kira Sansani na 4. A nan kuma labarin kogi da na dutse suka haɗu. Bayan ambaliyar 1997 hukuma ta so ta matsar da gine-gine daga bakin ruwa zuwa gefen sansanin. Tom Frost, wanda a lokacin ya manyanta, ya jagoranci kai ƙara. Aka sasanta, kuma a 2003 aka shigar da sansanin cikin kundin tarihi, wanda gadojin nan takwas ke ciki.

Kammalawa

Jama'a, maƙerin farko ya huda dutse don ya hau. Na biyu ya ƙera abin da zai rage huji. Na uku ya ga ƙirarsa ma tana yin rauni, ya ajiye ta alhali tana kawo masa riba. Magina sun yi gada mai kyau, jikokinsu suka zo suka saurari ƙorafin kogi. Kowane zamani ya ɗauka ya iya, na bayansa ya nuna masa inda hannunsa ya yi nauyi. Darasin da ya fi jinkirin zuwa shi ne na masu gida, waɗanda suka zauna dubban shekaru a kwarin, abin da suka bari a jikin dutse bai wuce ramukan daka ba.

Mu ma muna da duwatsu. A Birnin Kudu akwai zane-zanen mutanen da a jikin dutse. Akwai Kufena da ganuwarta, akwai Kwatarkwashi, akwai Zuma. Muna kuma jin ƙarar nakiya a wurare da dama, ana fasa dutse ana lodin tsakuwa a tifa. Gini na bukatar tsakuwa, mai fasa dutse kuma abincin iyalinsa yake nema, ba na zarginsa. Roƙona ga ɗalibanmu da za su zama injiniyoyi da magina da masu sa hannu a takardar izini shi ne, kafin a kafa nakiya a tambayi dattawan gindin dutsen sunansa da abin da ke jikinsa, kafin a kafa gada a tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa. A ware wanda za a fasa, a ware wanda za a bar wa jikoki. Itace in an sare yakan yi toho, dutse kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka tarar.